Darasi a Kan Ɗaukewar Haila, da Yadda Za Mu Taimaki Abokan Aikinmu Mata

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan wani abu ne da kowace mace za ta iske idan Allah ya ba ta tsawon rai, amma ba safai a kan yi zancensa a fili ba. Muna nufin ɗaukewar haila, watau lokacin da mace ta ke daina ganin al'adarta ta wata-wata har abada. Kunya ta sa iyayenmu mata suka sha wannan wahala shiru, shirun nan kuwa yana da tsada. Saboda shi waɗansu sun ƙarar da kuɗinsu a kan maganin zazzaɓi alhali ba su da zazzaɓi. Waɗansu sun bar aiki tun ƙarfinsu bai ƙare ba. Waɗansu kuma sun zauna da ciwo mai hatsari suna cewa ai girma ne. Darasin na maza da mata ne duka, gama wanda ba shi da mata mai waɗannan shekaru, lalle yana da uwa, ko 'yar'uwa, ko abokiyar aiki.

1. Abin da ya sa zancen ya shafi wurin aiki

Mu dubi ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi. A Dutsin-Ma akwai Jami'ar Tarayya wadda aka kafa a shekarar 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da babban asibiti, da sakatariyar ƙaramar hukuma. A Kurfi ma akwai sakatariya, da makarantu, da ɗakunan shan magani. A dukan wuraren nan mata suna aiki, malamai da ungozomomi, masu jinya da akawuna, masu shara da masu dafa wa ɗalibai abinci. Ban da su kuma akwai waɗanda ba su da albashin wata, masu tuyar ƙosai da waina, masu ƙuli-ƙuli, masu sayar da fura da nono, da waɗanda su ke yini a gona.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa yawancin mata hailarsu ta kan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55. Binciken da aka yi a kudancin Nijeriya ya sami matsakaicin kusan shekara 48. To, bari mu yi ɗan lissafi. Ma'aikacin gwamnati ya kan yi ritaya a shekara 60, ko bayan ya yi shekara 35 yana aiki. Dokar tarayya ta shekarar 2022 kuma ta kai ritayar malaman makaranta zuwa shekara 65, ko shekara 40 na aiki. Ashe macen da abin ya same ta tana da shekara 48, tana iya samun sauran shekara 12 a ofis, malama kuwa har 17. Waɗannan su ne shekarun da ta fi gwaninta, lokacin da a kan ba ta shugabancin makaranta ko na sashe, lokacin da ƙananan ma'aikata su ke koyo a hannunta. Idan ta gaji ta ajiye aiki, hasarar ta kowa ce.

Yawan irin matan nan kuma ƙaruwa ya ke yi. A shekarar 2021, mata masu shekara 50 zuwa sama sun kai kashi 26 cikin 100 na dukan matan duniya, alhali shekara goma kafin nan kashi 22 ne.

2. Abin da ya ke faruwa cikin jiki

A gefen mahaifar mace akwai gidajen ƙwai biyu, ɗaya dama, ɗaya hagu. A kan haifi 'ya mace da dukan ƙwayayenta, wajen miliyan ɗaya zuwa biyu, ba ta kuwa ƙara yin sababbi. Suna ta raguwa shekara da shekara. Gidajen ƙwan nan su ne kuma su ke yin wani sinadari da likitoci su ke kira istirojin, wanda jini ya ke kaiwa ko'ina cikin jiki. Shi ya ke tsara haila. Yana kuma taimakon ƙashi ya yi ƙarfi, yana taimakon jijiyoyin jini, yana taɓa barci, har da wurin da ya ke daidaita zafin jiki cikin ƙwaƙwalwa.

Sa'ad da ƙwayayen suka kusa ƙarewa, sai sinadarin ya fara hawa da sauka, kana ya ragu ƙwarai. Shi ya sa abin ba ya zuwa rana ɗaya. Da fari haila ta kan rikice, wani wata ta zo da wuri, wani wata ta makara, wani lokaci ta yi wata biyu ko uku ba ta zo ba. Wannan rikici yana iya ɗaukar 'yan shekaru. Ba a cewa haila ta ɗauke sarai sai mace ta yi wata 12 cur a jere ba ta gan ta ba, ba kuwa don ciki ko shayarwa ko wani magani ba.

Wannan ba cuta ba ce, kuma ba hukunci ba ne. Tun zamanin dā an san shi, har Littafin Farawa, sura 18, ya ambaci cewa Saratu ta riga ta wuce wannan lokaci. Amma akwai waɗanda abin ya kan zo musu da wuri. Wajen mace ɗaya cikin 100 hailarta ta kan ɗauke kafin ta kai shekara 40. Wadda aka yi wa aiki aka cire gidajen ƙwanta biyu kuwa, abin ya kan same ta nan take, ko shekarunta nawa ne. Irin waɗannan suna bukatar likita ya lura da su sosai.

3. Alamun da a kan gani

Alamar da aka fi sani ita ce zafi mai tasowa farat ɗaya. Mace tana zaune ƙalau sai ta ji zafi ya taso daga ƙirji zuwa wuya da fuska, gumi ya karyo, zuciya ta riƙa bugawa, bayan minti ɗaya zuwa biyar ya wuce, wani lokaci sanyi ya biyo baya. Wajen mata uku cikin huɗu su kan ji shi. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka buga a shekarar 2015, ya iske cewa ga waɗanda ya ke yawan taso musu, ya kan ɗauki wajen shekara bakwai yana zuwa yana komowa. Da dare ya kan zo da gumi har ya jiƙa zane, ya hana barci.

Wanda bai yi barci ba kuwa, mun san yadda safiyarsa ta ke. Daga nan gajiya ta ke fitowa, da saurin fushi, da mantuwa. Malama tana iya tsayawa gaban allo, kalmar da ta sani tun tana yarinya ta ɓace mata na ɗan lokaci. Waɗansu su kan ji ciwon gaɓoɓi da na kai, waɗansu baƙin ciki ko fargaba ba gaira ba dalili. Akwai kuma yawan fitsari, da bushewar gaba wadda ta kan sa zaman aure ya yi wuya. Ba kowace mace ta ke jin dukan waɗannan ba. Wata ta kan wuce lokacin kamar ba a yi ba, wata kuwa ta sha wuya ƙwarai. Don haka kada wadda ta sami sauƙi ta ce wa 'yar'uwarta raki ta ke yi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

4. Kurakurai huɗu da ya kamata mu guje musu

Na fari, ɗaukar kowane zafin jiki a kan zazzaɓin sauro. A ƙasarmu da zarar jiki ya yi zafi sai a nufi kemis. Amma zafin nan da muka faɗa ya kan wuce cikin 'yan mintoci, ma'aunin zafi kuma ba ya nuna zazzaɓi. A yi gwajin jini tukuna kafin a sha magani.

Na biyu, zancen kwantaccen ciki. Mace ta kan ga haila ta tsaya sai a ce mata ciki ne ya kwanta, ta yi shekara tana jiran ya tashi, tana kashe kuɗi a kan jiƙe-jiƙe. Gwajin fitsari a ɗakin shan magani ya isa ya raba gardama. Amma mu lura da ɗaya gefen kuma. Muddin haila tana zuwa, ko da jefi-jefi ne, mace tana iya ɗaukar ciki na gaske. Shawarar likitoci ga wadda ba ta son ƙarin haihuwa ita ce ta ci gaba da kiyayewa har shekara biyu bayan hailarta ta ƙarshe idan ba ta kai 50 ba, ko shekara ɗaya idan ta wuce 50.

Na uku, jingina abin ga sammu ko iskoki. Bugun zuciya da gumin dare da rashin barci su kan tsoratar da mutum, har ya fara zargin maƙwabciya ko abokiyar aiki. Zumunci da yawa ya lalace ta haka, alhali jiki ne kawai ya ke canja hali.

Na huɗu shi ne mafi hatsari, watau a ɗora kowane ciwo a kan girma. Ga abubuwan da tilas a kai wa likita ba da jinkiri ba. Idan mace ta yi wata 12 ba haila sa'an nan ta sake ganin jini, ko ɗigo ɗaya ne. Idan jini ya yi yawa fiye da kima, ko yana zuwa bayan kwanan aure. Idan ta ji ƙullutu a nono. Idan gumin dare ya haɗu da rama da tarin da ya wuce mako biyu, gama wannan yana iya zama tarin fuka. Sau da yawa dalilin jinin nan ƙarami ne, amma wani lokaci shi ne alamar farko ta sankarar mahaifa, wadda a ke iya warkarwa idan an kama ta da wuri. Babban asibiti yana nan a Dutsin-Ma. Idan abin ya fi ƙarfinsa, Katsina wajen kilomita 60 ce ta hanyar Kurfi, can kuwa akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa.

5. Abin da mace za ta yi wa kanta

Sa'ad da sinadarin nan ya ragu, ƙashi ya kan fara rasa ƙarfi, musamman cikin shekarun farko, hatsarin ciwon zuciya kuma ya kan ƙaru. Rigakafi ya fi magani, abin rigakafin kuwa yana cikin kasuwarmu. Nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, wake, awara, da ƙananan kifi irin waɗanda a ke ci da ƙayarsu, duk suna ciyar da ƙashi. Madatsar ruwa ta Zobe tana kusa, kifi ba baƙo ba ne a kasuwar Dutsin-Ma. Tafiya a ƙasa ta rabin sa'a kowace rana tana ƙarfafa ƙashi da zuciya. A rage gishiri da dunƙulen miya da sukari. A riƙa auna hawan jini, a kuma gwada ciwon sukari.

Game da zafin nan, mata da yawa sun lura cewa yaji da shayi mai zafi da kofi su kan tsokane shi. Goro da yamma ya kan ƙara hana barci. Tufafin auduga sun fi na roba shan iska. Yana da kyau mace ta riƙa rubuta ranakun hailarta da abin da ta ke ji cikin ɗan littafi, domin ta nuna wa likita.

Akwai kuma magani na asibiti wanda ya ke mayar wa jiki sinadarin da ya ragu. Shi ne ya fi kowane magani rage zafin nan da gumin dare. A shekarar 2002 wani bincike a Amurka ya sa mutane suka ji tsoronsa. Da aka sake duba sakamakon daga baya, sai aka ga cewa ga yawancin mata masu lafiya waɗanda ba su kai shekara 60 ba, ko ba su wuce shekara goma da ɗaukewar haila ba, amfaninsa ya fi hatsarinsa. Duk da haka bai dace da kowa ba, misali wadda ta taɓa yin sankarar nono ko daskarewar jini a jijiya. Saboda haka likita ne kaɗai zai rubuta shi. Kada a saye shi a kemis bisa shawarar ƙawa. Bushewar gaba ma tana da magani mai sauƙi a asibiti. A guji cusa garin itatuwa da kayan da a ke tallarsu a tasha, gama su kan jawo ƙuna da rauni.

6. Abin da shugabanni za su yi

A Birtaniya, hukumar da ta ke kula da daidaiton haƙƙin jama'a ta fitar da jagora ga masu ba da aiki a watan Fabrairu na shekarar 2024, tana tuna musu nauyin da ya ke kansu game da irin matan nan. Abubuwan da aka ambata ba masu tsada ba ne, wurin hutawa, da iska, da sassauci kan tufafin aiki da lokacin aiki. Mu ma muna iya yinsu.

Mu tuna da bazararmu. A watan Afrilu zafi ya kan kai digiri 40 ko fiye, ajin kuma rufin kwano ne, yara sun cika shi maƙil. Idan zafin ciki ya gamu da na waje, tsayuwa gaban allo ba ƙaramin aiki ba ne. Hedimasta mai hankali zai ba malamar ajin da ya ke da tagogi ko inuwar bishiya, ya sa a ajiye randa kusa, ya shirya darussanta masu nauyi da safe. A ofis, a sa teburinta kusa da taga ko fanka. A asibiti, mai tsara aikin dare ya duba kada a jera mata darare da yawa alhali ba ta samun barci. Tilas kuma a sami makewayi mai ƙofa da ruwa, gama jini ya kan zo ba zato a waɗannan shekaru, mace kuwa ba za ta iya faɗa wa namiji dalilin fitarta daga taro ba. Idan ta nemi izinin zuwa asibiti, a ba ta ba tare da dogon bincike ba.

Idan aikin wata ya fara ja da baya, kada takardar tuhuma ta zama abu na fari. Shugaba ya kira ta a keɓe, ya ce, "Malama, na ga kamar kina shan gajiya kwanakin nan. Akwai abin da za mu gyara miki?" Kada ya ambaci shekarunta, kada kuma ya yi mata likitanci. Idan ta fi son ta yi magana da mace, a nemo wata babbar ma'aikaciya ta tsaya tsakani. Abin da ta faɗa kuma amana ne, ba labarin ɗakin malamai ba. In lokacin ƙarin girma ya zo, a auna ta da aikin da ta yi shekara da shekaru.

7. Abin da abokan aiki za su yi

Abu na fari shi ne mu kama bakinmu. "Hajiya ta fara tsufa," ko "Mama yau kuma an tashi ta hagu," magana ce da a kan yi cikin raha, amma ta kan zauna a zuciyar wadda ta kwana ba barci. Idan muka ga gumi ya karyo mata cikin taro, a buɗe taga, a miƙa mata ruwa, a ci gaba da magana kamar ba a gani ba. Idan ta mance wani abu, a tuna mata a hankali. Ƙaramar malama tana iya cewa, "Yaya, je ki sha iska, zan riƙe miki ajin minti goma." Idan ta yi mana faɗa fiye da yadda ta saba, mu bari ta huce tukuna. Wannan ba ya nufin kowane laifi ya halatta, ita ma ya kamata ta nemi gafara in ta ɓata wa wani. Sai dai wanda ya san dalili ya fi saurin yafewa.

Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Waɗanda suka riga suka haye su ne malaman waɗanda su ke tafe. Kalma ɗaya daga wadda ta ce ita ma ta sha wannan, ya kuma wuce, ta fi doguwar lacca. Abokan aikinmu Musulmi da Kirista duk jiki ɗaya ne a wannan al'amari, taimakonmu kuwa kada ya zaɓi fuska.

Kada mu mance da waɗanda ba su da ofis. Mai tuyar ƙosai tana gaban wuta tun asuba, ba ta da hutun ciwo, ranar da ba ta fita ba babu cefane. Maƙwabciyarta a kasuwa tana iya tsare mata kaya ta je asibiti. 'Yan adashi suna iya yarda ta ɗauka da wuri idan kuɗin magani ya taso. A gona kuma a bar mata aikin sanyin safiya. Waɗanda su ke da mai aiki a gida, ko mai yi musu surfe da wanki, su tuna su ma shugabanni ne, abin da muka faɗa wa hedimasta ya hau kansu.

8. Gida da ekklesiya

Matar da ta sami haƙuri a gida ta fi jimre wahalar aiki. Maigida ya sani cewa ƙarewar haihuwa ba ta rage darajar matarsa da kome ba. Ya raka ta asibiti, ya hana 'ya'ya gatse, ya yi haƙuri idan zaman aure ya yi mata wuya har a sami magani. Mu ƙara tausaya wa wadda wannan lokaci ya iske ta ba ta taɓa haihuwa ba, gama a gare ta ƙofar bege ce ta rufe, tana bukatar ziyara da ta'aziyya.

An keɓe ranar 18 ga Oktoba kowace shekara domin faɗakarwa a kan wannan al'amari a duniya. Zumuntar mata tana iya gayyato ungozoma ko mai jinya a makon nan, ta yi bayani, a auna hawan jinin kowa, a bar mata su yi tambaya ba kunya. Taron maza ma ya ba darasin nan zama ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin nazari

1. Wata nawa mace za ta yi ba haila kafin a ce ta ɗauke sarai?
2. Ƙaƙa za mu bambanta zafin nan da zazzaɓin sauro?
3. Waɗanne alamu ne tilas a kai wa likita nan da nan?
4. Waɗanne irin abinci na kasuwarmu ne su ke ƙarfafa ƙashi?
5. A wurin da ka ke aiki, ko inda ki ke sana'a, akwai ruwan sha, da iska, da makewayi mai ƙofa? In babu, wa za a faɗa wa a wannan mako?